Ranar da Dhapu Ta Yi Magana

Da gwamnati ta ce kujerar shugabancin ƙauyenmu ta mace ce, Hukmaram ko a jikinsa. Ya tsayar da matarsa Dhapu, aka zaɓe ta, shi ya hau kujerar. Ita tana zama a ƙasa gefen ƙafarsa, fuskarta rufe da jan mayafi har ƙirji, yadda matar aure take yi a gaban manya. Bakinta ba a ji.

Tun damina ta daina zuwa ɗebo ruwa, sai dai a gan ta a taro. 'Ya'yanta mata aka kai su wajen kakanni. Gindori, ƙanwar Hukmaram, ita ta dawo riƙe gidan. Mijinta ya mutu, farin zanen takaba take ɗaurawa, kuma mu nan ba a son ganin irinsu a cikin jama'a, saboda haka ba mai tambayarta.

Akwai wani fili da mata suka daɗe suna roƙon a haƙa musu tafki. Hukmaram ya riga ya yi wa mai shagon giya alkawarinsa. Ranar da za a yanke maganar ya biya ta shagon, ya makara, ya tarar da mai jan mayafi ta riga shi zama. Wata jami'a ma ta zo daga birni.

"Ba kai aka zaɓa ba, Hukmaram," in ji jami'ar. "Ba ta kujerarta."

Wani tsoho ya ce, "Yau maigida zai san sanyin ƙasa." Aka yi dariya.

Mai jan mayafin ta tashi ta hau kujerar. Ko ƙarar munduwa ba mu ji ba. Muryarta ta fito a dishe, kamar ta wadda ta sha hayaƙi.

"Tafki za a haƙa. Ba macen da za ta ƙara tafiyar neman ruwa da tsohon ciki har ta faɗi a hanya."

Hukmaram ya kai hannu ga mayafin, ya janye. Wanda ya buɗe fuskar matarsa a gaban dattawa ya gama yawo a garin nan. Yana ji yana gani filin ya kuɓuce masa.

Bai jira an watse ba. Ya fizgi sanda ya nufi gida don ya jira ta, yana zage-zage. A tsakar gida ya yi turus. Gindori ce kwance a gadon igiya, zazzaɓi na kaɗa ta, jan mayafin yana ninke ƙarƙashin kanta.

"Yaya, ka yi haƙuri," ta ce. "Yau na kasa tashi in je in zauna maka a matsayin Dhapu."

Sandar ta suɓuce masa. Dhapu dai tun damina ta rasu a garin iyayenta, kuma shi da hannunsa ya cinna wa itacen ƙona gawarta wuta, yadda muke yi wa mamaci, ya dawo bai gaya wa kowa ba.