Mai Watsa Leda a Unguwar Barira

Barira ta sunkuya a bakin kwata ta zaro wata leda ruwan ɗorawa, ta kakkaɓe ta, ta cusa a buhu tana tsinuwa ƙasa-ƙasa. Ledoji ne birjik tun daga ƙofar masallaci har gangaren tafki, a unguwar da magajin garin Madarumfa ya taɓa yabo a rediyo saboda tsabta.

Ita ta jawo wannan yabon. Tun ranar da akuyarta ta kumbura, aka yanka ta aka tarar da dunƙulen leda a cikinta, Barira ta ɗaura yaƙi. Ta tara matan unguwa suna tsince ledoji, su wanke, su yayyanka, su saƙa jakunkuna da tabarmi. Sai ga Barira mai tuyar ƙosai ta zama shugabar ƙungiya, har Maraɗi ake kiranta ta yi jawabi.

Matsalar ita ce aikin ya yi kyau fiye da kima. Mutane suka koma zuwa kasuwa da kwando, titi ya yi fes, abin saƙa ya ƙare. Mataimakiyarta Hajara ta kawo shawarar a sayo sabbi, Barira ta kusa cinye ta ɗanya, ta ce su masu kwashe shara ne, ba masu ƙara ta ba. Mata suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Barira ta koma zaman tsakar gida da kwarashi a cinya, tuwo ma sai ta tsakura ta ture. Mijinta Maman, mai kai tumatir da kabeji kasuwar garin Ɗan Issa a amalanke, ba mai yawan magana ba ne. Ya dube ta ya ce Allah zai kawo.

Aka kuwa kawo. Washegarin kowace kasuwa sai a wayi gari da ledoji a warwatse. Ƙungiya ta farfaɗo, Barira ta koma cin tuwo har da neman ƙari, amma bakinta bai huta ba. Kullum da safe sai ta zagi ƙazamin da ke mata wannan ɓarna, Maman na shan kununsa yana gyaɗa kai. Abin da ya fi ba ta haushi, ƙazamin nan kamar yana leƙenta: in jar leda ta yanke mata a tsakiyar tabarma, ja ake zubarwa.

Hajara ce ta fara lura ledojin ba su da ƙarnin kifi, ba su da maiƙon ƙosai, ƙura ce kawai a jikinsu. Kafin a ce me, tsegumi ya zaga unguwa, wai shugaba ce da kanta ke watsawa don kada kujerarta ta tafi. Wannan magana ta yi wa Barira zafi ƙwarai, har kuka ta yi a ɗaki. Ta fito ta nufi gidan mai unguwa, ta tsaya gaban jama'a.

"Ko ɗan wane ne, sai na kawo shi nan da hannuna," in ji ta. "Mai shela ya zaga gari da sunanshi, shi kuma ya share titin ga kowa na kallo."

Mai unguwa ya amince, aka shafa fatiha a kan haka.

Irin ledar nan ruwan ɗorawa mai ratsi, rumfa ɗaya ke sayar da ita, ta wani Tanko a Ɗan Issa. Ranar kasuwa Barira ta hau kabu-kabu ba ta gaya wa kowa a gida ba, ta tafi da Hajara da wakilin mai unguwa su zama shaidu. Ta shimfiɗa ledar a gaban Tanko, ta tambaye shi wa ke kwasarta zuwa Madarumfa.

"Hajiya, mutum guda ne," in ji Tanko. "Ni kaina mamaki shike ba ni. Shina nan bayan rumfa, bai tahi ba."

Barira ta gyara ɗaurin zane, ta ce wa shaidunta su buɗe ido da kyau, kada gobe wani ya ce bai gani ba. Suka zagaya.

A inuwar amalanke, Maman ne tsugune gaban ƙunshin sabbin ledoji, yana cukuikuye su ɗaya-ɗaya yana goga su a ƙasa don su tsufa.