Maɓallin Sauri

Ka ce babban kamfanin nan na fasaha ya ɗauke ka aiki? Madalla. Amma ajiye jakar tukuna ka ji wani misali.

An yi wani injiniya, ɗan wani tsohon manomi, da ya samu shiga irin kamfanin nan mai ma'aikata kamar ƙasa. Kai, yaro ya ji daɗi! Abinci kyauta, asibiti kyauta, ga gwanaye kewaye da shi yana kwasar ilimi. Ya yi wa gidansu rufin kwano, ya kai iyayensa Makka. Shi ne ma ya ƙirƙiro ɗan maɓallin da in ka danna, saƙon murya zai riƙa gudu ninki biyu, miliyoyin mutane suka huta da dogon surutu. Sai dai wurin ba a numfashi, daga wannan taro sai wancan. Tsohon kuwa bai iya rubutu ba, murya yake aikowa, kuma sai ya gaida kowa da kowa kafin ya zo kan magana. Ɗan yana son ubansa, wallahi yana sonsa, amma a kan matakala yake sauraronsa, ya danna maɓallinsa, ya ji tsoho na zuba zance garau kamar saurayi, ya ce alhamdu lillahi Baba lafiya lau.

Ranar nan ƙanwarsa ta kira tana kuka, an kwantar da Baba a asibiti. Ta ce, "Yaya, sati uku yana yi maka magana, ba ka ji muryarsa ba?" Ya zauna a nan kan matakalar, ya sake sauraron saƙonnin yadda aka faɗe su, ba da maɓallin sauri ba. Sai ga haki tsakanin kalma da kalma, ga dogon shiru inda tsoho ke neman numfashi ya ƙarasa "ya aiki." Bai taɓa cewa ba shi da lafiya ba, irinsu ba sa faɗa. Ƙirjin ne ke faɗa, maɓallin ya haɗiye. Ɗan ya garzaya asibitin ya iske uban da rai, amma likita ya ce da an kawo shi da wuri, da ba a kai haka ba. Tsohon kuma, daga kan gado, yana nuna wa masu jinya waya yana cewa ɗansa ne ya yi wannan.

Je ka yi aikinka, alheri ne. Amma ka san wanda za ka saurara a tsanake, don Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce sauri ya haifi nawa.