Sa'o'in Inna Tabawa

Tun da aka yanka wa kowa sa'o'in da zai yi a jirgin sama iya rayuwarsa, Inna Tabawa ba ta taɓa nata ba. Makka take tara wa. Da ciwo ya kwantar da ita, sai ta sa aka mayar wa ɗanta Tasi'u, wanda fatauci ya cinye nasa, ya maƙale a Guangzhou ta ƙasar Sin.

"Yaya, taho," in ji ƙanwarsa Uwani a waya. "Ta ce ta haƙura da Makka, kai take son gani."

Yana sama Inna Tabawa ta cika. Kafin Uwani ta share hawaye, Kawu Nadabo ya kai sanarwa masallaci.

A filin jirgin Addis Ababa, inda zai canza jirgin Kano, ƙofa ta ƙi buɗe masa. Da zarar an sanar da rasuwa, sa'o'in mamaci da shi ake binne su, ko da ya ba wani.

Ya kira gida. "Kawu, da kun jinkirta sanarwar har in sauka!"

"Haba ɗan nan, gawa tana jira ne?"

Tasi'u ya ajiye jakar tsarabar mahaifiyarsa, ya tambayi alƙibla. Daga nan, Makka ta fi gida kusa.