Baƙa da Baƙuwa

Shekara bakwai ke nan da kafa dokar kare idon yara, wadda ta hana kowane allon wasan bidiyo nuna baƙi, sai toka-toka. Da hantsi Malam Tanimu ya kai nasa allon zuwa shagon Asabe mai gyara.

A cikin wasan, marigayiya matarsa Tabawa takan fito tsakar gida su buga dara. Domin a zana ta ne ya miƙa wa kamfanin wasan hotonta guda ɗaya tak da yake da shi, su kuwa ba sa mayar da takarda.

"'Yata, dubi fuskarta, kamar ta kwana a murhu," in ji shi. "Tabawa baƙa ce wuluk, har mata na tambayarta man da take shafawa."

"Baba, allon lafiyarsa ƙalau, na kowa haka yake. In na taɓa, sai a rufe mini shago."

"Baƙa na aura, ga shi an ba ni baƙuwa."

Ya zauna a benci, ya runtse ido domin ya ga ta ainihin. Ta zo kuwa, da murmushinta da wushiryarta, amma toka ta fara bin goshinta.