Katin Kore da Katin Ja

Samira ta ɗaura labule daga ƙusar ƙofa zuwa taga, ta jera ekaran biyu iri ɗaya, allunan nuna hoto, a gabansa, sannan ta ce kowa ya ja baya.

Shagon wasannin ordinatar ne, wato kwamfuta, na yayanta Lurwanu, a bayan tashar Madawa, kuma bai taɓa cika kamar wannan Asabar ba. Har daga Buza wasu suka hau babur suka zo kallo.

Wata bakwai ke nan Lurwanu da amininsa Yoshuwa, mai gyaran na'urori a asibitin mishan, suna gardama kan abu guda: kart garafik, katin nan da ke zana hoton wasa a cikin ordinatar. Lurwanu ya sayar da babur ɗinsa ya sayo na kamfanin da ke da tambari kore. Yoshuwa ya yi shekara yana tara kuɗi kafin ya samu na masu tambari ja. Da wasa aka fara. Aka kai ga ranar da Yoshuwa ya ce katin Lurwanu murhun gasa masara ne, Lurwanu ya ce na Yoshuwa da sanda yake tafiya. Tun ranar ba su sake shan shayi tare ba, su da suka taso a layi ɗaya.

Samira, wadda ke koyar da ilimin ordinatar a makarantar sakandare ta lise, ita ta gaji da kai saƙo tsakaninsu. Ta ce kowa ya kawo na'urarsa tun Juma'a, Lurwanu kuma ya bar mata makullin shago, ita ce alƙali. Za ta ɓoye su bayan labule, su buga wasa ɗaya a kan ekaran biyu, ba tare da lambar nan da ke ƙidaya hotuna a kusurwa ba.

"Ido kaɗai," in ji ta. "Wanda duk yak kasa gane katinai, shi bar ma alƙali shi."

Lurwanu ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ko cikin barci zai gane nasa. Yoshuwa ya ce shi ko daga ƙarar fanka ma ya isa. Suka rantse gaban shaidu, kowa da abin da yake rantsuwa da shi.

Wasan da ta zaɓa tseren motoci ne cikin ruwan sama, a wani birni mai fitilu, irin wanda ke sa na'ura ta yi gumi. Ta kunna ekaran na hagu, ta miƙa wa Lurwanu manet, abin sarrafa wasan. Motarsa ta kutsa cikin kududdufi, ruwa ya fantsama a gilashi, fitilu suna rawa a kan kwalta. Bai kai zagaye na biyu ba ya fara gyaɗa kai.

Samira ta kashe na hagu, ta shige bayan labule. Aka ji tana ƴan taɓe-taɓe. Ta fito ta kunna na dama, ta mayar masa da manet ɗin. Kwan fitilar shagon, wanda ko firjin maƙwabci aka kunna sai ya lumshe, bai ko ƙifta ba.

Lurwanu bai yi minti ɗaya ba ya taɓe baki.

"Ku diba hayaƙin ga! Kamar kunu. Wanga ba nau ba ne."

Yoshuwa ya karɓa. Shi ba mai gaggawa ba ne. Ya goge tabarau, ya matso da kujera, ya buga hagu sau biyu, dama sau biyu. A kwanar gada ya tsayar da mota yana nazarin inuwar ƙarafa, kamar likita da hoton ƙirji. Daga nan ya bayyana wa jama'a cewa na hagu yana ɗan sarƙewa duk lokacin da motoci suka taru, abin da sai mai ido ke gani. Na dama kuwa sumul yake tafiya. Nasa ne.

Shago ya rabu biyu. Wani tela ya rantse ya ga sarƙewar da idonsa. Wani ɗan Buza ya ce jan motar ya fi ja a hagu. Mamman mai shayi, wanda bai taɓa riƙe manet ba, ya ce shi dai ruwan saman dama ya fi kama da na gaske, har ya ji sanyinsa.

Samira ta sa kowannensu ya rubuta zaɓinsa a takarda ya sa hannu. Lurwanu ya rubuta hagu, ya ja layi biyu a ƙasa. Yoshuwa ya rubuta dama, ya ƙara da dalilai huɗu.

"Ba mai canzawa?" ta tambaya.

Babu wanda ya kula ta. Sun riga sun juya suna kallon juna, karo na farko cikin watanni, kowa yana tausayin ɗan'uwansa. Har Lurwanu ya dafa kafaɗar Yoshuwa ya ce kada ya damu, zai riƙa barinsa ya zo ya yi wasa a shago.

Samira ta ninke takardun ta sa a jaka. Ta fiddo turnubis biyu na kwance sukurori, ta damƙa wa yayanta ɗaya, ta damƙa wa Yoshuwa ɗaya. Kafin su tambayi na mene ne, ta ja labule.

Na'urorinsu biyu suna jingine da bango, a kashe, ko wutar kuran ba a sa musu ba; wayoyin ekaran na hagu da na dama kuwa duk sun haɗu a bayan ordinatar ɗaya tak, wata mai ƙura da Samira ta aro daga lise. Ta ce kowa ya kwance katinsa ya miƙo wa alƙali.