Akwatin Gem a Zaure, Kwamfuta a Ƙuryar Ɗaki

Yau kwana tara ke nan wata mata mai sana'ar awara ba ta ci abinci ya yi mata daɗi ba. Tana zaune a tabarma, ƙafarta ɗaure da karan ɗori, idonta na kan ƙofar wani ɗaki a ƙuryar gidanta, abu ɗaya take ta juyawa a rai. Ga yadda aka yi.

Matar nan tana da ɗan fari, saurayi ɗan shekara goma sha tara, ya gama sakandare yana jiran jarrabawar shiga jami'a. Kawunsa ya kawo masa akwatin gem, irin wanda ake jonawa a talabijin, mai hannuwan wasa biyu, aka kafa a zaure. Tun daga ranar zauren ya zama dandali. Da an idar da la'asar samarin layi za su cika shi, takalma zube har bakin kwata, biyu na buga ƙwallo, wanda aka ci ya miƙa wa na gaba hannu ana yi masa tsiya. Ihu kam ba a magana. Sai dai komai a fili yake. In ta leƙa tana ganin abin da suke kallo, ta san wannan ɗan gidan wane ne, wancan kuma ubansa ba ya gari. In ta ɗaga murya ta ce wa zai kama mata tukunya, mutum uku ne za su yi sallama su shigo, suna cewa, "Umma bari, kawo." In aka kira magariba ita ke kora su, su ɗunguma masallaci.

Ita dai hayaniyar ce ta ishe ta, ga gorin maƙwabciya, wai gidanta ya koma tasha. Maƙwabciyar ce ta ba ta shawara: akwati wasa ne zalla, kwamfuta kuwa ilimi ce, ai jarrabawar ma a kanta ake yi. Matar nan iyakarta aji shida, ba ta taɓa ganin kwamfuta ba sai a gaban likita da ma'aikacin banki, mutanen da ba su da lokacin wasa. Ta yi wa ɗan maganar tana tsoron zai ƙi, sai ya amince nan take har da murmushi. Da ma ta tsaya ta yi tunani a kan murmushin nan. Aka sayar da akwati, ta haɗa da tunkiyarta, shi ya je ya zaɓo: ƙatuwa, gilashi a gefe, fanka uku na juyawa a ciki. Ya ce ta fi akwatin ƙarfi nesa ba kusa ba, ana rubutu da ita, in ta gaza a buɗe ta a ƙara mata kaya. Duk gaskiya ya faɗa. Abin da bai faɗa ba shi ne kujera ɗaya gare ta. Kuma abu mai tsada irin wannan ba a barinsa a zaure, sai ƙuryar ɗaki, inda namijin waje ba ya shiga. Samarin suka yi ta zuwa suna sallama ba mai amsawa, har ƙafarsu ta ɗauke. Gida ya yi tsit. Ta riƙa tafiya a hankali kada ta dami ɗan nata, ta ajiye masa abinci a bakin ƙofa, wanda duk ya tambaya ta ce yana karatu.

Ranar wata Laraba da hantsi ta zo sauke tukunyar waken suya mai tafasa ita kaɗai, santsi ya kwashe ta. Ƙafa ta karye, ruwan zafi ya sauka a damtsenta. Ta yi kira, "Kai! Kai wannan!" Don ɗan fari ne, tun ranar da aka raɗa masa suna ba ta taɓa faɗarsa ba, ko a gaban likita. Da azaba ta kai mata wuya sai ta ajiye kunyar shekara goma sha tara, ta buɗe baki ta kira shi da sunansa, sau uku. Tsakaninta da ƙofar ɗakinsa bai fi taku goma ba. Bai ji ba. Wata mai zuwa sayen awara ce ta same ta a kwance, ta ruga ta banke ƙofar. Daga inda uwar take ta hango shi, kunnuwansa biyu a rufe da abin sauraro, yana wasan harbi a allon kwamfutar, yana dariya ta intanet da waɗansu mutane da bai taɓa gani ba, ita kuma ba ta san iyayensu ba.

Ba mugun ɗa ba ne. Ya yi kuka, shi ya goya ta zuwa wurin mai ɗori, ya yini biyu yana yi mata fifita. A rana ta uku ƙofar ta sake rufuwa. Abin da take ta juyawa a rai ke nan: yanzu ta sayar da kwamfutar ne, ga jarrabawa ta matso? Ta sa a fito da ita zaure, alhali samarin sun riga sun koma wani layin? Ku da kuka haifa, me za ta yi? Ita dai shiru ta nema, ta kuwa samu, har ya fi ƙarfinta. Ashe ba banza Hausawa suka ce ba: garin neman gira, a rasa ido.