Kaset ɗin Clarrie Tulloch

Tsohon ya kasa faɗin ko da sunansa. Narelle Petrakis ta matsa masa makirfo har bakinsa, ya motsa leɓe, sai yawu ya zubo ta gefen da ya shanye. Matarsa ta goge masa da hankici.

Saboda shi Narelle ta tuƙo mota daga Melbourne zuwa Ballarat, a Ostireliya. Ɗakin adana tarihin da take yi wa aiki yana naɗar muryoyin mutanen da suka yi yaƙi a jiragen jefa bom a Yaƙin Duniya na Biyu, kafin su ƙare. Cikin mutum bakwai na jirgin Des Hanrahan, Clarrie Tulloch kaɗai ya dawo gida da rai. Shi ne mai bindigar wutsiyar jirgin. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya riga Narelle isowa da 'yan makonni.

Ta kai hannu za ta kashe rakoda.

"Bar ta ta juya," in ji Winifred, matar. "Ni zan faɗa."

"Misis Tulloch, ƙa'ida ce. Sai wanda ya shaida da kansa. Ba sa ajiye labarin 'an ce'."

"To su zubar. Kin riga kin ƙona man mota, kin kuma cinye mini biskit."

Shekara kusan sittin tana Ostireliya, amma har yanzu harshenta na mutanen Lincolnshire ta Ingila ne, inda Clarrie ya auro ta. Ta jawo makirfon, ta gyara tazararsa da bakinta, ta leƙa allurar rakodar ta ce a rage ƙara kaɗan. Sannan ta dafa gwiwar mijinta.

"Ka yafe mini, tsoho," ta ce. Ta lumshe ido ta fara.

Da la'asar ne, a watan Maris na shekarar ƙarshe ta yaƙin. Suna dawowa daga Jamus, sun kusa filin jirginsu a Ingila. Inji biyu sun mutu, na uku yana tari. Des, matuƙin, yana lissafa ɓarnar da murya a kwance, kamar mai karanta sakamakon wasan kurket: injiniya ya mutu, mai sakin bom ya mutu, rabin kan mai bindigar sama ya tafi.

Bluey, mai duba taswira, shi ke ihu.

"Des! Hanjina! Ga hanjina a kan taswira!"

"Mayar da su ciki, Bluey. Ka rufe mini baki, ina tuƙi."

Winifred tana sauya murya ga kowannensu. Ta faɗi yadda Lofty, mai rediyo, yake dukan wuta da tafin hannu yana zagin uwar wanda ya ƙera jirgin. Ta faɗi yadda Bluey ya bar kiran Des ya koma kiran mahaifiyarsa. Laimomin dirowa sun ƙone, babu mai iya tsalle. Des ya yi ta kiran Clarrie a can wutsiya, shiru.

"Wannan malalacin ya samu wuri ya yi barci," in ji Des.

Narelle ta dubi tsohon. Idonsa ba ya kan bango yanzu, yana kan bakin matarsa, ko ƙiftawa ba ya yi.

Tayoyi suka ƙi fitowa. Aka ce wa Des ya sauka a kan ciyawa, gefen titin jirgi. Ya ce ya ji, ya gode, a ɗora musu ruwan shayi. Daga nan sai kukan ƙarfe yana yagewa, mai tsawo. A nan wutsiyar ta ɓalle ta yi gefe da Clarrie a cikinta. Sauran jirgin ya ci gaba da jan ciki har ya tsaya, mai ya kama da wuta.

"Ba su mutu nan take ba," in ji Winifred. "An rubuta wa iyayensu cewa nan take ne. Ba haka ba ne."

Ƙarfe ya danne ƙafafun Des. Lofty ya ja shi, ya ja, fatar hannunsa ta saɓule. Harsasan da ke cikin jirgin suka fara fashewa da kansu, 'yan kwana-kwana suka kasa matsowa. Bluey ya riga ya yi shiru.

"Lofty, bindigarka," in ji Des. "Don Allah, aboki. Wuta ta kama ni."

"Ba zan iya ba."

"Za ka iya, ɗan banza. Yi sauri."

Winifred ta buga tafinta a kan tebur sau ɗaya kamar harbin bindiga, kofuna suka yi tsalle.

"Sai muryar Lofty kaɗai ta rage," ta ce. "Ba magana yake yi ba, ihu ne. Ya daɗe."

Wani sauti ya fito daga maƙogwaron Clarrie, kamar na dabbar da aka yanka ba a gama ba. Hannunsa mai lafiya ya damƙi wuyan hannun matarsa har yatsunsa suka yi fari. Ba ta janye ba.

Narelle ta dubi rakodar. Ba ta taɓa naɗar irin wannan ba, ta kuma san inda zai ƙare: kwandon shara, tare da mutum shida da babu wanda zai sake faɗin yadda suka tafi.

"Zan roƙi masu ɗakin tarihin," ta ce a hankali, rakoda tana juyawa. "Zan ce daga bakinsa kika ji. Yaushe ya ba ki labarin?"

"Bai taɓa ba ni ba, 'yata. Wayar da ke kai magana kunnensa ta tsinke tun suna kan Jamus. Yau ya fara jin yadda suka mutu." Winifred ta sake goge wa mijinta baki. "Rediyon Des ne ya maƙale a buɗe, ni kuwa ni ce mai amsa kiran jirage a hasumiyar filin ran nan."